Wanne Ya Riga Wanne? Tarken Wasan Katin Jera Shekaru Wajen Koyar da Tarihi ga 'Ya'yan Hausawan Abijan

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihi a firamare ya san cewa riƙe labari ba ya yi wa yaro wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne jera labaran bisa tsarin aukuwarsu. Yaro ɗan shekara tara yana iya kawo labarin Bayajida da na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Sardauna ba tare da tuntuɓe ba, amma a wurinsa dukkansu a "zamanin da" suka rayu, kuma ba zai yi mamaki ba idan aka ce masa sun taɓa zama a majalisa ɗaya. Domin magance wannan matsala ne aka ƙirƙiro wasanni iri-iri da ke koya wa yaro jeranta al'amura. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne wasan katin nan mai suna Timeline, wanda wani Bafaranshe mai suna Frédéric Henry ya tsara, aka fara fitar da shi a shekarar 2010.

Wannan takarda za ta yi tarken wasan, tare da auna shi da bukatun 'ya'yan Hausawa mazauna unguwannin Treichville da Adjamé a birnin Abijan na ƙasar Kodebuwa. An zaɓi waɗannan yara ne saboda a kansu ne matsalar ta fi fitowa fili. Ra'ayin takardar shi ne, wasan yana koyar da jeri sosai, amma an gina shi bisa zaton cewa kowane al'amari yana da shekara ɗaya tabbatacciya, kuma tarihi layi ɗaya ne. Tarihin Hausawa bai amsa zato na farko ba, rayuwar yaron Abijan kuma ba ta amsa na biyu ba. Saboda haka sai an yi wa wasan kwaskwarima kafin a shigar da shi aji.

2.0 Yadda Wasan Yake

Kowane kati yana da fuska biyu. A fuska ta farko akwai hoto da sunan wani al'amari, alal misali ƙirƙiro wata na'ura ko aukuwar wani yaƙi. A fuska ta biyu akwai hoton da sunan, sannan da shekarar da abin ya auku. Ana raba wa 'yan wasa katuna, kowa ya ajiye nasa a gabansa ba tare da ya leƙa shekarar ba. Sai a ajiye kati ɗaya a tsakiya, shekararsa a buɗe. Wanda layi ya zo kansa zai ɗauki ɗaya daga cikin katunansa ya ajiye shi a hagu idan yana ganin abin ya riga na tsakiya aukuwa, ko a dama idan yana ganin ya biyo baya. Daga nan sai a juya katin. Idan ya dace, katin ya zauna. Idan ya kuskure, a janye katin a ba shi wani. Yayin da layin ke tsawo, gurabun da ke tsakanin katuna suna ƙara matsewa, wasan yana ƙara wuya. Wanda ya riga kowa ƙarar da katunansa shi ya ci.

Wasan ya yi daidai da wata tsohuwar dabara ta makarantun da ke bin tsarin Faransa, wato abin da suke kira "frise chronologique", dogon layi da ake zanawa a bango ko a littafi ana jera shekaru a kansa daga hagu zuwa dama. Abin da wasan ya ƙara shi ne gasa, da kuma sanya yaro ya gina layin da hannunsa.

3.0 Yaron da Ake Magana a Kansa

Treichville da Adjamé su ne tsofaffin unguwannin baƙi da 'yan kasuwa na Abijan. Treichville ta samu sunanta ne daga Marcel Treich-Laplène, ɗaya daga cikin Faransawan da suka share fagen mulkin mallaka a ƙasar, kuma a cikinta kasuwar Belleville take. Adjamé kuwa ita ce cibiyar tashoshin mota da manyan kasuwanni. Hausawan da ke waɗannan unguwanni yawancinsu daga Nijar suke, musamman yankin Tawa da Maraɗi da Damagaram, akwai kuma na Arewacin Nijeriya. Zamansu ya yi tasiri har a abincin gari: "garba", wato dambun rogo da soyayyen kifi da kowa ke ci a Abijan, ya ɗauki sunansa ne daga 'yan Nijar da suka shahara da sayar da shi.

Yaron da aka haifa a irin wannan gida yana jin Hausa a gida, Julanci a kasuwa, Faransanci a makarantar boko, Larabci kuma a makarantar allo ko Islamiyya. Haka kuma lissafin zamani uku ne ke zagaye da shi. Na farko shi ne na makaranta: kafa mulkin mallaka a 1893, mayar da hedikwata daga Grand-Bassam zuwa Bingerville a 1900, zuwa Abijan a 1934, samun 'yancin kai ranar 7 ga Agusta 1960, da ayyana Yamusukuro a matsayin babban birni a 1983. Na biyu shi ne lissafin Hijira da yake ji a wurin malaminsa. Na uku shi ne na iyaye da kakanni, waɗanda ba su cika kiran lamba ba, sai dai su ce "zamanin Kunce" ko "shekarar El Buhari". Duk wasan da za a ba wannan yaro da sunan koyar da jeri, dole a tambaya: jerin wa?

4.0 Alfanun Wasan

Adalci ne a fara da abin yabo. Da farko, wasan ba ya bukatar yaro ya haddace shekara. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya yi hukunci tsakanin abu biyu, wato wanne ya riga wanne. Wannan ya fi hadda amfani, domin yana tilasta masa tunani. Yaron da aka ba katin "gadar Houphouët-Boigny" da na "'yancin kai" zai iya zaton cewa sai da aka samu 'yanci aka gina gadar, tunda sunan shugaban ƙasa take ɗauke da shi. Idan ya juya katin ya ga 1957, ya koyi wani abu da ba zai manta ba.

Na biyu, kuskure a wasan ba ya jawo bulala ko kunya, illa iyaka a ƙara wa mutum kati. Na uku, kayan wasan ba su da tsada, domin malami yana iya yanka kwali ya rubuta nasa katunan. Na huɗu, koyo ta hanyar wasa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kacici-kacici yana kaifafa tunani, dara tana koyar da lissafi da hangen nesa kamar yadda awale ke yi a Kodebuwa, tashe da kalankuwa kuma suna koya wa yara tsarin sarauta da zamantakewa ta hanyar kwaikwayo. Ke nan ba a kan wasa da tarihi ake da ja ba. Ja yana kan abin da za a rubuta a bayan katin.

5.0 Naƙasun Wasan

5.1 Shekarar da Ba Ta da Tabbas

Ƙarfin wasan duka yana kan lambar da ke bayan kati. Ita ce alƙali, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Wannan ya dace da al'amuran da aka rubuta ranarsu a lokacin da suka auku, amma yawancin tarihin Hausawa kafin jihadi ba haka aka adana shi ba.

A ɗauki littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Littafin ya jero sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, yana faɗin wanda ya gaji wani da adadin shekarun da kowa ya yi a kan gado. Bai ce Bagauda ya hau a shekara kaza ba. Shekarar 999 da ake yawan rubutawa a littattafan makaranta lissafin Palmer ce: ya fara daga zamanin da aka sani, ya yi ta ɗebe shekarun kowane sarki yana komawa baya, sannan ya juya shekarun wata zuwa na rana. Shi ya sa shekaru 66 da littafin ya ba Bagauda suka zama 999 zuwa 1063, wato 64. Idan aka tsallake sarki ɗaya a jerin, ko aka ƙara wa wani shekara goma, duk shekarun da ke gabansa sun goce. Bugu da ƙari, masana irin su Murray Last da John Hunwick suna ganin an harhaɗa littafin a siffarsa ta yanzu ne a ƙarshen ƙarni na 19. Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga a 1964 da 1965, ita ma ta jero sarakunan Kano, amma ta saɓa wa littafin a wasu sunaye da adadin shekaru, musamman a farkon jerin.

Misalai biyu za su nuna yadda wannan ke karya wasan. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo a zamanin Sarki Yaji, wato 1349 zuwa 1385 a lissafin Palmer. Amma littafin Asalin Wangarawa, wanda Muhammad al-Hajj ya fitar a 1968, ya sanya zuwansu a zamanin Muhammadu Rumfa, wato 1463 zuwa 1499. Tazarar ta kai shekara ɗari. Haka nan Tarihin Kano ya ambaci Amina ta Zazzau a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, alhali ruwayar Zazzau ta ɗauke ta 'yar Bakwa Turunku, wato ƙarni na 16. To, wace lamba malami zai rubuta a bayan katin Amina? Duk wadda ya zaɓa, zai hukunta yaron da ya bi ɗaya ruwayar a kan laifin da bai yi ba. Idan kuwa ya guje wa matsalar ta hanyar cire duk abin da ba shi da tabbatacciyar shekara, katunan Hausawa za su fara ne daga 1804 ko 1903, yaro ya tashi da fahimtar cewa kafin nan mutanensa ba su da tarihi. Gaba kura, baya sayaki.

5.2 Layi Ɗaya, Tarihi Biyu

Naƙasu na biyu ya shafi siffar wasan, wato layi ɗaya tilo. Idan aka cika layin da al'amuran manhajar Kodebuwa kaɗai, yaron Treichville ba zai ga kakanninsa a ciki ba. Idan aka cika shi da sarakunan Kano da Katsina da Gobir kaɗai, an ba shi tarihin ƙasar da wataƙila bai taɓa takawa ba, an kuma raba shi da garin da aka haife shi. Idan aka cakuɗa su a layi ɗaya ba tare da bambancewa ba, sai yaro ya ɗauka abin da ya zo bayan wani, wancan ne ya haifar da shi.

Wannan batu yana da nauyi a Kodebuwa fiye da wurare da yawa, domin tambayar "wa ya riga wa zuwa" ta taɓa zama makamin siyasa. An ƙaƙaba wa baƙi katin zama a 1990. Daga 1994, a zamanin Henri Konan Bédié, aƙidar "ivoirité" ta raba mutane zuwa 'yan asali da 'yan zuwa. A rikicin da ya ɓarke a 2002 da kuma na bayan zaɓen 2010, 'yan ƙasashen Afirka ta Yamma mazauna Abijan suna cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu. An soke katin zama ga 'yan ƙasashen ECOWAS a 2007, amma tambayar ba ta mutu ba. Layin da bai nuna Bahaushe ba sai bayan 1960 yana gaya wa yaro, da abokan ajinsa, cewa shi baƙon jiya ne.

Alhali kuwa tarihi ya nuna akasin haka. Tarihin Kano ya ambaci hanyar Gwanja tun zamanin Abdullahi Burja a ƙarni na 15. Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wanda Paul Lovejoy ya yi nazari a kansa a littafinsa na 1980, ya kai Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari har Salaga, kuma a ƙarni na 19 akwai fatake Hausawa zaune a Bonduku, garin da yau yake cikin Kodebuwa. Wato ƙafar Bahaushe ta taka wannan ƙasa kafin a zana iyakarta. Wasa mai layi ɗaya ba shi da gurbin nuna wannan haɗuwa.

5.3 Jeri Ba Tare da Jimla Ba

Naƙasu na uku shi ya fi shafar ɗalibin harshe. Abin da ke kan kati yankin suna ne da lamba. Babu aikatau, babu mahaɗi. Yaro yana iya cin wasan daga farko har ƙarshe bai furta jimla ko ɗaya ba.

Hausa kuwa tana da nata kayan aikin jeranta al'amura. Akwai kalmomi irin su kafin, bayan, tun, har, sa'ad da, sannan, daga nan. Akwai jerin shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata, citta, da na bara, bana, baɗi. Akwai kuma shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wanda shi ne ginshiƙin ba da labari. Idan aka ce "sun tashi, sun ci abinci, sun yi salla", an lissafa abubuwan da suka kammala ne kawai. Idan aka ce "suka tashi, suka ci abinci, suka yi salla", an nuna cewa a jere suka auku. Bayan waɗannan akwai kalmomin dalili: saboda, domin, shi ya sa, sakamakon haka. Yaron Abijan, wanda Hausarsa ta gida da kasuwa ce, yana da bukatar ya saba da waɗannan fiye da bukatarsa ga lambobi.

Hatta yadda Hausawa ke laƙaba wa shekara suna yana ɗauke da dalili a cikinsa. Ana kiran yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba. A Nijar ana kiran ta 1984 El Buhari, domin ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya a watan Afrilu na shekarar, hatsi ya daina ƙetarawa. Duk wanda ya tambayi asalin sunan zai ji labarin fari da siyasa da kasuwa gaba ɗaya. Lambar 1984 ita kaɗai ba ta ba da wannan.

6.0 Hanyoyin Gyara

Daga bayanan da suka gabata, ana iya ba da shawarwari huɗu ga malamin da ke son amfani da wasan.

Na farko, a raba katunan gida biyu. Ga al'amuran da ke da tabbatacciyar rana, a rubuta shekara: hijirar Shehu zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, faɗuwar Alkalawa a 1808, rasuwar Shehu a 1817, cin Damagaram a 1899, cin Kano da Sakkwato a 1903. Ga waɗanda suka gabaci haka, a rubuta zamani da matsayi a jeri, misali "Rumfa, sarki na 20, bayan Yakubu, kafin Abdullahi". Inda ruwayoyi suka saɓa, kamar batun Wangarawa da Amina, a rubuta duka biyun, a karɓi kowace amsa muddin yaro ya faɗi ruwayar da ya bi. Ta haka zai gane tun yana ƙarami cewa tarihi yana da majiya.

Na biyu, a shimfiɗa layi biyu, ɗaya bisa ɗaya, na sama don Kodebuwa, na ƙasa don ƙasar Hausa, kowanne da launin katinsa. Nan take yaro zai ga abubuwan da layi ɗaya ke ɓoyewa. A 1893 aka kafa mulkin mallaka a Kodebuwa, a shekarar kuma Basasa ta ɓarke a Kano bayan rasuwar Sarki Bello. A 1898 Faransawa suka kama Samori, shekara ɗaya bayan haka suka ci Damagaram. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya isa Bouaké a 1912. Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, Kodebuwa bayan kwana huɗu, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba. Katunan da suka shafi ɓangarorin biyu, kamar fataucin goro da ci-rani, sai a gitta su a tsakanin layukan.

Na uku, a kafa doka cewa kati ba ya zama sai mai shi ya faɗi cikakkiyar jimlar Hausa da ta haɗa shi da maƙwabcinsa. Alal misali: "An haƙa mashigin Vridi a 1950, shi ya sa aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, daga nan sai leburori suka yi ta kwararowa." Wanda ke riƙe da katin fim ɗin da Jean Rouch ya fitar a 1958 a kan 'yan ci-ranin Nijar a Treichville, wanda Oumarou Ganda ya fito a ciki, zai ga inda katinsa ya dace da kuma dalilin dacewarsa. Idan jerin ya yi daidai amma babu alaƙa tsakanin abubuwan biyu, yaro ya yi amfani da "bayan" ko "a daidai lokacin da", kada ya ce "saboda". Bambance waɗannan biyu shi ne babban darasin.

Na huɗu, a bar wasu katuna babu rubutu, yaro ya kai gida ya tambayo: yaushe kaka ya zo Abijan, daga wane gari, a zamanin wa, da wace sana'a ya fara? Amsar da ya samo, ko da "shekarar da aka karya darajar sefa" ce, sai aji ya taru ya gano cewa 1994 ake nufi, a ba katin gurbinsa a layi.

7.0 Kammalawa

An ga yadda wasan katin jera shekaru yake, da alfanunsa, da kuma wurare uku da ya gaza idan aka auna shi da tarihin Hausawa da halin yaron Abijan. Gazawar ta samo asali ne daga inda aka tsara shi, wato al'ummar da ta daɗe tana rubuta ranakun al'amuranta da kalanda ɗaya. Matsalar ba ta tsaya a Kodebuwa ba. A Nijeriya, inda aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare bayan sauyin 2007, aka kuma ƙaddamar da maido da shi a 2022, malamai suna neman dabarun jawo hankalin yara, kuma za su ci karo da tambayoyin nan a kan Bagauda da Amina da Wangarawa. Aikin da ke gaban ɗaliban Hausa shi ne su zauna su tsara katunan da kansu, su tantance wace shekara ce aka rubuta a lokacinta, wacce ce aka lissafo daga baya, su kuma zaɓi jimlolin da za a nemi yaro ya furta. Wanda ya san harshen da majiyoyin shi ya fi cancanta ya yanke abin da za a rubuta a bayan kati.